Ayabar Tsakar Gida: Waiwaye Daga Tsaskiya

Mutanen yammacin Katsina sun koyi lissafin shuka ne daga itatuwa masu nawa. Wanda ya dasa tsamiya ya san jikoki yake yi wa aiki. Giginya takan haura shekara goma kafin ta nuna ɗa, mangwaron da aka shuka daga ƙwallo yakan ci shekara biyar ko shida, kuka kuwa ba a cika tuna wanda ya shuka ta ba. Saboda haka a Tsaskiya da sauran garuruwan Safana da Batsari abu biyu muka sani: amfanin gona, wanda damina guda ke isarsa, da kuma icce, wanda ake gada. Sai ayaba ta zo ta zauna a tsakaninsu. Ɗan da aka dasa yau bai kai gwiwa ba, baɗi war haka ya leƙa bayan katanga, wani ma har ya rataya nono.

Mutane suna mamakin wannan hanzari, suna ɗauka baiwa ce da Allah ya yi wa shukar ita kaɗai. Baiwar tana nan, babu shakka. Amma abin da na fahimta daga kallonta a gidajenmu shi ne, saurin ayaba daga hannun mai kula da ita yake fitowa: ruwa kullum, taki a kai a kai, da mutumin da ke zaune a gidansa shekara guda cur ba wanda ya tashe shi. Labarin shigowarta ƙasarmu, da labarin wahalar da ta sha daga baya, duk a kan waɗannan abubuwa uku suka rataya.

A da, ayaba baƙuwa ce a wurinmu. Manyan motoci ke ɗauko ta daga kurmi, daga jihohi irin su Edo da Ondo da Kuros Riba, a sauke ta a kasuwar 'Yan Lemo ta Kano, daga can ta biyo ta Katsina ko Dutsin-Ma. Kafin ta iso kan tiren mai talla a kasuwar ƙauye, ta sha rana, bayanta ya fara baƙi. Tsarabar wanda ya dawo daga birni ce, kayan dubiya ce, abin buɗa-baki ce ga mai hali. 'Ya'yan itatuwan yara kuwa su ne magarya da kanya da aduwa da goruba da ɗinya, waɗanda gonaki da gefen Dajin Rugu ke bayarwa kyauta. A zaman tafsiri na watan azumi, in an zo Suratul Waƙi'a, mukan ji malamai suna cewa masu tafsiri da yawa sun lissafa ayaba cikin ni'imomin Aljanna. Da dama daga cikin masu sauraro sun ci ɗanta, amma ba su taɓa ganin uwar da idonsu ba.

Dalilin rashinta a fili yake ga duk wanda ya taɓa jan guga. Ruwan samanmu daga Yuni zuwa Satumba yake sauka, kuma jimillarsa a shekara takan tsaya tsakanin milimita 600 da 800. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa ta ƙiyasta cewa ayaba tana buƙatar kimanin milimita 1,200 a ƙasa mai laima, har zuwa 2,200 a ƙasa mai zafi da bushewa, kuma tana son a rarraba mata shi cikin watanni goma sha biyu. Iyayenmu da suka ga farin 1973, suka sake ganin na 1984, sun san darajar kowane tulu. Bayan an ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, dashen da aka fi kira a kai shi ne na tare hamada, su bedi da turare, itatuwan da in an lallaɓa su rani ɗaya ko biyu za su riƙe kansu. A wancan lokaci, wanda aka gani yana juye guga a gindin shuka mai faffaɗan ganye, almubazzari za a kira shi, kuma da gaskiyar masu faɗa.

Ruwa ne ya fara sauyawa. Shirin Fadama da Bankin Duniya ya tallafa a farkon shekarun 1990 ya yawaita ƙananan injinan ban-ruwa a hannun manoman rani, sai lambuna suka faɗaɗa, masu tumatir da albasa suka fara jera ayaba a bakin kwari. Sannan rijiyoyin burtsatse suka shigo garuruwa, na tuƙa-tuƙa da farko, daga baya masu aiki da hasken rana. Amma ƙofar gida, mata ne suka buɗe mata. Kowane gidan Bahaushe yana da inda ruwan wanka da na wanke-wanke da na alwala ke gangarawa, ya taru ya zama kwatami, ya yi wari, ya tara sauro. Wata ta karɓo ɗan ayaba daga lambu ta dasa a bakin magudanar, cikin 'yan watanni wurin ya tsane, ganye kore shar ya rufe shi. Maƙwabciya ta shigo barka ko gaisuwa ta gani, ta ce, “Yaya, don Allah in ta yi 'ya'ya a ajiye mini guda.” Ta haka ta bi gida-gida, ba malamin gona, ba kuɗin kowa. Abin da matan suka gano shi ne ruwan da aka riga aka mora yana da sauran aiki a jikinsa.

Sirrin saurinta yana cikin ƙirarta. A wurin masana tsirrai ayaba ba icce ba ce, domin babu katako ko kaɗan a jikinta. Abin da muke kira jikinta gindin ganyaye ne da suka nannaɗe juna, cike da ruwa, har wuƙar girki tana iya sare shi. Ainihin jikin yana binne a ƙasa, wani dunƙulallen gindi da ke fitar da saiwoyi da ganye da 'ya'ya. Ƙarfin da tsamiya ke kashewa shekara da shekaru wajen yin icce mai tauri, ayaba a ganye take zuba shi gaba ɗaya. Sabon ganye yana fitowa ne ta tsakiya, a naɗe, ya miƙe tsaye, sannan ya warware. A tsakiyar damina, in ƙasa ta ƙoshi, kusan kowane mako sai an ga sabo. Tana yin ganye talatin zuwa arba'in a rayuwarta, tsofaffi na bushewa sababbi na maye gurbinsu, kuma sai ta cika wannan adadi take fitar da kai. Don haka mai son sanin ranar furenta, yawan fitar ganye zai lura da shi. Duk abin da ya jinkirta ganye ya jinkirta nono.

A nan yanayinmu yake shigowa. Ayaba ta fi walwala a zafi na wajen digiri 27. In sanyi ya sauko wajen 14 sai ta tsaya cak, in zafi ya haura 38 ma haka. Mu kuwa muna da duka biyun a shekara guda. Daren hunturu na Disamba da Janairu yakan taɓa wancan sanyi, iska ta yayyaga ganyen ya zama zare-zare, ƙura ta lulluɓe abin da ya rage, ganye guda ya ɗauki makonni bai warware ba. Da bazara, a Afrilu da Mayu, za ka ga ta naɗe ganyenta da tsakar rana tana tattalin ruwa. Shi ya sa ayabar da ke fure cikin wata tara ko goma a kurmi, a tsakar gidan Tsaskiya takan kai shekara, wani lokaci har da 'yan watanni a kai. Masu sabon dashe sukan karaya a hunturun farko, su ce ta mutu. Wadda ta saba takan ce a ƙyale ta, a ci gaba da zuba ruwa, tana nan da ranta a ƙasa. Da ɗumi ya dawo kuwa sai ta farfaɗo.

A hankali ilimin renonta ya taru a hannun mutanen da kakanninsu ba su san nomanta ba. Yanzu an san a dasa da zarar damina ta zauna, don ta yi ƙarfi kafin sanyi. An san ɗan da ya fi kyau shi ne mai kaurin gindi da siririn ganye, domin mai faffaɗan ganye tun yana ƙarami kyan gani kawai gare shi, gindinsa ba ƙwari. Ana haƙa rami kamar kamu guda faɗi da zurfi, a cika shi da tsohon takin dabbobi da tokar murhu, saboda ayaba mayunwaciyar sinadarin fotash ce, toka kuma tana ɗauke da shi. Yawancin saiwoyinta a saman ƙasa suke, ba sa nitsewa neman ruwa yadda na gawo ko aduwa ke yi, don haka ake lulluɓe gindin da kara da ƙaiƙayi da busasshen ganyenta. An gane cewa ruwan wanka ba ya cutar da ita, amma ruwa mai gishiri ko mai yawan sinadarin wanki yana ƙona bakin ganye. An gane kuma duk son ruwanta, in ya kwanta mata a gindi ruɓewa take yi. Awaki kuwa, wanda bai yi shinge ba ya yi musu noma.

Fitar kai ita ce ranar da gida ke jira. Alamarta wani gajeren ganye ne da ke zuwa a ƙarshe. Bayansa sai wani dunƙule mai ruwan makuba ya ɓullo ta tsakiya, wanda ya taso tun daga gindin da ke ƙasa ya ratso jikin gaba ɗaya. Cikin 'yan kwanaki nauyi ya sunkuyar da shi. Daga nan kusan kowace safiya sai ɓawo guda ya ɗage, a ga sahun ƙananan 'ya'ya a jere a ƙarƙashinsa, gobe wani sahun, har su cika cikin mako ɗaya ko biyu. Irin ayabar da muke ci ba ta jiran ƙudan zuma ko iska su kai mata barbara, ɗanta yana cika da kansa, shi ya sa ba a samun ƙwayar iri a ciki. In sahu ya ƙare, akan yanke ragowar kan da ke lilo a ƙasa. 'Ya'yan da suka fito suna kallon ƙasa sai su lanƙwaso sama, su yi ta cika har wata uku zuwa huɗu. A wannan tsakani ake tokare ta da gwafa, musamman in lokacin ya faɗo a kan guguwar farkon damina, wadda ke iya kwantar da aikin shekara cikin dare ɗaya. In kusurwoyin ɗan suka shafe ya yi ɓul-ɓul, a sare nonon yana kore, a rataye a ɗaki ya nuna a hankali.

Sau ɗaya tak kowace uwa ke haihuwa. Da an sare nono aikinta ya ƙare, sai a sare ta, a daddatsa, a mayar gindin ta zama taki. Amma tun kafin nan ta riga ta fito da 'ya'ya a kewayenta. Mai lura ba ya barin su duka, domin in sun yi yawa sai su yi ta ƙwacen abinci, nono ya ƙanƙance. Uku ake bari: uwa mai ɗauke da kaya, ɗiya mai bi mata, da jika da ke tasowa. Sauran a cire a ba maƙwabta. Haihuwa ta biyu takan fi ta farko sauri da girma, tunda gindi ya riga ya kafu. Gidan da ya riƙe wannan tsari yakan shekara da shekaru yana cin ayaba daga rami guda.

Duk wanda ya bi wannan hidima zai ga ayaba ta fi kusa da tunkiyar turke fiye da iccen gona. Kullum sai an ba ta, kullum sai an shayar da ita, kuma da bazara babbar uwa tana iya shanye abin da ya kai jarka guda a yini. Ba a kulle gida a bar ta. Wannan hali nata ne ya sa ta zama shaida a kan abin da ya same mu a shekarun baya-bayan nan.

Garuruwan da ke gefen Dajin Rugu sun san abin da 'yan bindiga suka yi musu. An yi zaman sulhu a 2019, bai ɗore ba. A watan Fabrairun 2020 aka kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar cikin ƙaramar hukumar Batsari. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Safana da Batsari, bayan an taƙaita hada-hadar kasuwanni da sayar da man fetur. Iyalai da yawa sun bar ƙauyukansu zuwa cikin garin Batsari ko Dutsin-Ma ko Katsina. Wanda Allah ya nufa ya koma bayan watanni, yakan tarar da kukarsa da tsamiyarsa suna tsaye inda ya bar su. Ayaba kuwa sai busasshen tsumma a ƙasa. Lambunan fadama da ke nesa da gari su suka fara tafiya, domin mai ban-ruwa dole ya je kullum, a sa'a guda, ta hanya guda, kuma babu abin da mai garkuwa da mutane ke so kamar haka. Wannan asara ba a lissafa ta kusa da asarar rayuka da shanu da hatsi, kuma daidai ne a fara da waɗancan. Sai dai ita ma tana faɗin wani abu: shukar da ke neman shekara guda ba yankewa ba ta rayuwa a inda mutum bai san inda zai kwana jibi ba.

Ta wani ɓangaren kuma, wahalar ta ɗaga darajar tsakar gida. Da gonar nesa ta zama abin tsoro, ɗan filin da ke bayan ɗaki ya zama abin dogaro: zogale, kuɓewa, yakuwa, gwanda, ayaba. Sannan aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya tashi, duk abin da ke tahowa daga kurmi ya ƙara tsada. Ga kuma gargaɗin da hukumar NAFDAC ta sha yi a kan masu nunar da 'ya'yan itatuwa da sinadarin kabaid, wanda masu walda ke aiki da shi. Uwar da ta sare nono a bayan ɗakinta ta san abin da ta ba yaron da ake yayewa, ta san abin da ta kai wa mara lafiya. In ya yi yawa ta ɗora wa tire, kuɗin ya shiga adashi. Abin da kakanni suka sani a matsayin tsarabar birni ya koma ɗan jarin matan aure.

Akwai darasi daga nesa da ya kamata mu ɗauka tun da wuri. Asalin ayaba kudu maso gabashin Asiya ne da tsibirin Niyu Gini, inda aka samu alamun nomanta na kusan shekara 7,000, kuma tun daga can hannu da hannu ta yi tafiya, ɗa daga jikin uwa, yadda take yi a unguwanninmu yau. Ma'anar haka ita ce duk ayabar da ta fito daga uwa guda jiki ɗaya ce, cutar da ta kama ɗaya tana iya kama duka. A shekarun 1950 wata cutar saiwa da ake kira cutar Panama ta durƙusar da manyan gonakin ayaba na Amurka ta Tsakiya, har aka yi watsi da irin Gros Michel aka koma Cavendish. Sabon nau'in cutar ya ɓulla a Mozambik a 2013, ya isa Kolombiya a 2019. Kyautar ɗan ayaba alheri ce, amma cuta da tsutsar gindi ma ta wannan hanya suke bi. Ya kamata mai karɓa ya duba lafiyar uwar, ya feƙe gindin ɗan ya cire duk wurin da ya yi baƙi kafin ya dasa. Cibiyar IITA da ke Ibadan ta daɗe tana aiki a kan ingantaccen irin ayaba da agada, cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa tana da reshe a Bagauda ta Jihar Kano, ga kuma Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, a maƙwabtanmu da tsangayarta ta aikin gona. Nisan da ke tsakanin waɗannan wurare da matar da ke dashe a bakin magudana bai kamata ya kai yadda yake ba.

Ba na cewa ayaba za ta maye gurbin gero da dawa, ko rogo da dankalin da aka san ƙasar Batsari da su. Ƙasarmu ta rani ce, kuma wanda ya ce zai shimfiɗa eka-eka na ayaba da ruwan burtsatse zai ƙafar da rijiyar da gari ke sha. Wurinta shi ne inda ruwa ke zuba ko da ba ita: bakin magudanar gida, wurin alwalar masallaci, gindin famfon makaranta, da bakin manyan ruwaye irin madatsar Zobe, wadda aka kammala tun 1983 amma noman ranin da aka yi mata buri bai kai inda ake fata ba. A irin waɗannan wurare tana mayar da ƙazanta abinci, kuma tana yin haka cikin lokacin da talaka zai iya jira.

Abin da shekarun nan suka nuna shi ne mutanenmu ba sa jiran a koya musu karɓar sabon abu. Cikin tsawon rayuwar mutum guda sun ɗauki shukar kurmi, sun gane lokacinta, sun gane takinta, sun nema mata ruwa a inda ba wanda ya zaci akwai. Wannan ɓangaren sun gama da shi. Abin da ya fi ƙarfinsu shi ne ɗaya sharaɗin, wato zama lafiya daga damina zuwa damina, kuma wannan yana wuyan masu mulki, daga hakimi da shugaban ƙaramar hukuma har zuwa gwamna da shugaban ƙasa. Duk jami'in da ke son ya san ko zaman lafiya ya dawo ƙauyukan Safana da Batsari da gaske, ya ajiye rahoton ofis ya tambayi mutanen gari ko sun koma dasa abin da sai baɗi za su ci. Ranar da amsar ta zama e a Tsaskiya da Runka da Ruma da ƙauyukan da ke bakin daji, ranar ce zai iya cewa ya sauke nauyin da aka ɗora masa. Allah ya kawo mana ita da gaggawa.